Layin da Ya Karkace: Nazari Kan Zanen Koyi-da-Kanka

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ji Hausawa. Da wannan karin magana manya da yawa ke rufe wa kansu ƙofa. Mutum ya haura arba'in, hannunsa na ƙaiƙayin zane, amma da ya ja layi ya ga ya karkace, sai ya yaga takardar don kada yara su yi masa dariya. A tarihin zane na Turai da Amurka kuwa akwai wani reshe da ya tsiro daga hannun waɗanda suka ƙi yaga takardar, wato zanen manyan da ba su taɓa zama gaban malamin zane ba.

Jigon wannan salo shi ne Henri Rousseau, mai karɓar harajin kaya a mashigar birnin Paris. Sai da ya kai shekara arba'in ya duƙufa kan zane, kuma daga 1886 ya riƙa kai aikinsa baje-kolin masu zaman kansu, inda babu alƙalan da ke tace abin da za a rataya. 'Yan jarida sun yi masa ba'a son ransu. Bai taɓa fita daga Faransa ba, amma ya zana dazuzzuka da namun dawa daga abin da ya gani a lambun tsirrai na Paris. A 1908 fitaccen mai zane Picasso da kansa ya shirya masa walima.

Wanda ya dubi irin wannan zane zai ga abubuwan da makaranta ke kira kuskure. Na nesa da na kusa kusan girmansu ɗaya, inuwa ba ta bin haske, ganye kowanne a fili kamar an lissafa shi. Sai dai waɗannan su ne suka zama tambarin salon. Anna Mary Robertson Moses, matar manomi a jihar New York, ta koma zane ne tana dab da shekara tamanin, bayan ciwon gaɓoɓi ya hana ta ɗinkin ado. Ƙauyukan da ta zana a shimfiɗe suke kamar tabarma, kowa na aikinsa, domin abin da ta tuna take zanawa. Wani mai tara zane ya hangi aikinta a tagar kantin magani a 1938, kuma kafin rasuwarta a 1961, tana da shekara 101, ta bar zane fiye da 1,500.

A nan ake yawan yin tuntuɓe, a ɗauka cewa sakin neman kamala shi ne aikin ganin dama. Rousseau yakan ɓata lokaci mai tsawo yana jera launin kore iri-iri a daji guda. Kula da aiki daban, tsoron kuskure daban. Mai kula yana gyarawa ya ci gaba, mai tsoro ko farawa ba ya yi.

Tuntuɓe na biyu shi ne auna waɗannan mutane da shahararsu. Kasuwa ta zo daga baya, wani ma bai ci moriyarta ba. Bill Traylor, wanda aka haifa cikin bauta a Alabama, ya fara zane wajen 1939 yana tsoho tukuf, zaune a bakin titi a birnin Montgomery, da fensir da guntayen kwali da aka yar. Ya zana alfadarai, karnuka da mutane masu nuni da yatsa, fiye da zane dubu a 'yan shekaru. Ya rasu a 1949 cikin talauci, sai a 2018 gidan tarihin Smithsonian ya yi masa babban baje-koli. Ranar da ya tsinci kwalin farko ba wanda ya yi masa alkawarin komai. Ya dai ga wuri fili a jikin kwalin, ga kuma fensir a hannu.