Kwancen Tufafi Da Kwandon Manomi

A 'yan shekarun nan wata al'ada ta kafu a tsakanin samarinmu na Jama'a da Samaru da Sabon Gari, musamman ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello, cewa idan azumi ya gabato, ko kuwa hunturu ya kawo jiki, sai su bi gidaje suna tara kwancen tufafi da takalma da barguna, su wanke, su ninke, su kai wa marayu da almajirai da bayin Allah waɗanda fitina ta raba da garuruwansu. Wannan aiki ne na alheri wanda babu mai hankalin da zai kushe shi, kuma ina roƙon Allah Ya saka musu.

A Ingila akwai kantuna na musamman domin wannan, irin wanda ƙungiyar Oxfam ta fara buɗewa a birnin Oxford a ƙarshen shekarun 1940, inda mutum yakan kai abin da ya daina amfani da shi, a sayar, a yi taimako da kuɗin. Abin da bai sami mai saye ba a can, da yawansa akan ɗaure shi dila-dila, ya ƙetaro teku, ya biyo ta Kwatano, har a kwance shi a rumfunan gwanjo na kasuwar Sabon Gari. Mu kuwa tamu hanyar hannu da hannu ce, ta kuma fi tsufa, amma tana da sharaɗi wanda muke yawan mantawa da shi. Allah Maɗaukaki Ya hane mu a Suratul Baƙara da mu zaɓi mummunan abin da ke hannunmu mu bayar, abin da mu kanmu ba za mu karɓa ba sai mun runtse ido. Saboda haka rigar da wuyanta ya zagwanye, da zanen da ya koɗe har ana hango rana ta cikinsa, da takalmi wari guda, ba sadaka ba ne, sharar ɗaki ce aka ɗora wa miskini, alhali mutuncinsa ya fi tufar daraja.

To, amma abin da ya fi damuna yana wani wurin. Mutanen nan masu tara kwance, da mu da muke ba su, mu ne kuma muka koyi fita bayan gari neman abinci ɗanye shakaf, mu nufi lambunan bakin kogunan Galma da Kubanni, ko hanyar Bomo da Shika, ko Hunkuyi a lokacin tumatir, domin mun gane cewa alayyafon da aka yanko da asuba, raɓa ba ta bushe a jikinsa ba, ya fi wanda ya kwana uku a rumfa. Gaskiya ne ya fi. Sai dai ka tsaya ka saurari cinikin. Manomin da ya yi wata uku yana ban ruwa cikin sanyin fadama, ya sayi taki da man injin da tsada, ya yi tsaron ƙwari, wanda kuwa bai manta da annobar tsutsar da ta cinye tumatir a shekarar 2016 ba, shi ne za a taya wa kwando rabin kuɗinsa. In ya ce albarka a juya baya kamar za a tafi, don an san kayan gwari ba ya jiran gobe. In ya sallama kuma a ce sai ya yi gyara.

Malamanmu na fiƙihu sun san wannan mas'ala tun da daɗewa. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ruwaito hanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ga tarbar masu kawo haja tun kafin su iso kasuwa, kuma daga cikin hikimomin da malamai suka ambata akwai kare mai kaya daga wanda zai ci ribar rashin saninsa da farashi. Wanda duk ya je har bakin gona, ya riga ya tsallake dillali da la'adarsa da kuɗin mota, ashe ke nan akwai rarar da ta isa a raba tsakanin mai saye da mai noma, ba wai ɗaya ya haɗiye ta duka ba. A ganina adalci a ciniki yana gaba da kyauta, domin sau da yawa yaron da muke kai wa kwance a tsangaya ɗan wannan manomin ne, wanda da an biya shi haƙƙin guminsa da shi da kansa zai ɗinka wa ɗansa sabuwar riga.

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, idan za ka ba da kwance, zaɓi wanda kai ma za ka iya sawa ka je masallacin Juma'a. Idan kuma ka je lambu, gaya wa mai shi yadda kwando yake a kasuwar Samaru yau kafin ka taya.