Zarto a Hancin Spitfire: Masu Sauya Fasalin Ƙananan Jiragen Yaƙi

A Ingila akwai al'adar da ta daɗe tana ɗauke wa yara da manya hankali. Mutum zai sayi kwali cike da gutsattsarin roba, ya yanko su ɗaya bayan ɗaya, ya manna da gam, ya shafa fenti, sai ga ƙaramin jirgin Yaƙin Duniya na Biyu a kan teburinsa. A 1932 kamfanin Skybirds ya fara sayar da irin waɗannan na katako, a 1936 FROG ya fito da na roba, amma Airfix ne ya kai su gidan talaka a shekarun 1950, a farashin da ɗan makaranta zai iya tarawa. Ma'aunin da ya fi karɓuwa shi ne 1/72, wato inci ɗaya a madadin ƙafa shida. Jirgin yaƙin Birtaniya Spitfire mai faɗin fukafukai sama da mita 11 sai ya dawo santimita 15 da ɗoriya.

Yawancin masu saye abin da takardar cikin kwali ta ce shi suke bi, kuma babu laifi. Waɗanda suka fi jan hankalina su ne masu buɗe sabon kwali su ɗauko zarto su datse wa jirgin hanci, domin wanda suke so ba shi aka sayar musu ba. A ganina a hannunsu ne wannan abu ya tashi daga wasa ya zama karatun tarihi.

Larura ce ta haifi al'adar. Ƙera mazubin ƙarfe da ake zuba roba a ciki yana cin kuɗi mai yawa, saboda haka kamfani kan fitar da nau'i ɗaya ko biyu da ya san za su shiga kasuwa. Alhali Spitfire kaɗai an ƙera sama da 20,000, lambobin nau'o'insa sun kai 24, kuma na ƙarshe da ƙyar za a ce ɗan'uwan wanda ya fara tashi a watan Maris na 1936 ne. Mai son nau'in da babu shi a kanti dole ya yi da kansa. Mujallar Airfix Magazine, wadda ta soma fitowa a 1960, ita ta zama makarantarsu, kuma rubuce-rubucen Alan W. Hall sun koya wa mutane da dama sassaƙa sabon hanci da katakon balsa, da kwaɓa hodar shafawa da ruwan fenti mai bushewa da ƙarfi don toshe ƙofofin katakon, a goge, a sake shafawa, har ya yi santsi ba a bambanta shi da roba.

Spitfire Mk XII ya isa misali. Guda 100 kacal aka ƙera, runduna biyu ne kawai na sojan saman Birtaniya suka yi aiki da shi sosai daga 1943: ta 41 da ta 91. Ta 91 ɗin sunan Nijeriya take ɗauke da shi a lokacin, albarkacin gudummawar kuɗin sayen jirage da aka tara daga ƙasar lokacin yaƙin. Shekaru da yawa wanda ke son wannan jirgi mai harufan DL na runduna ta 91 a gefe sai ya haɗa shi daga sassan wasu nau'o'in. Zai cire hancin injin Merlin ya ƙera na Griffon, wanda ya fi tsawo, yana da tudu biyu a sama. Zai datse kan fukafukai. Zai sauya allon wutsiya da mai faɗi mai tsini. Farfela kuwa ba ƙarin ganye kaɗai take buƙata ba, sai an juya karkatarsu, domin Griffon yana juya farfela ne saɓanin yadda Merlin ke yi.

Babu wanda zai yi waɗannan yanke-yanke bai tambayi dalili ba. Tudun nan biyu sun fito ne saboda Griffon mai lita 36.7 ne, Merlin kuwa 27, an cusa babban inji a jikin da aka zana wa ƙarami. An datse fukafukai ne domin jirgin ya riƙa mirginawa da sauri a ƙasa-ƙasa, inda jiragen Jamus ƙirar Focke-Wulf 190 ke shigowa su jefa bam a garuruwan gaɓar kudancin Ingila su tsere. An faɗaɗa wutsiya ne don ta riƙe jirgin da ƙarfin sabon inji ke fizga gefe. Har tayar baya ma sai ya bincika, domin a wasu tana shigewa ciki, a wasu kuwa a kafe take, sai ya samo lambar takamaiman jirgin da hotonsa kafin ya yanke shawara. Da wuya mai karanta littafi kawai ya riƙe waɗannan kamar wanda ya kwana yana gogarsu da magagari.

Abin da ya ƙara wa aikin ma'ana shi ne injiniyoyin ainihi ma haka suka yi. Da Focke-Wulf 190 ya fi ƙarfin Spitfire Mk V, sai a 1942 aka ɗauki gangar jikin Mk V ɗin aka ɗora masa injin Merlin 61, aka tsawaita hanci, aka sa lagireto biyu masu girma ɗaya a ƙarƙashin fukafukai, Mk IX ya samu. Haka jiragen Hurricane da aka riƙa kawowa Takoradi a cikin akwatuna tun daga 1940, a harhaɗa su a can, su biyo ta Legas da Kano da Maiduguri zuwa Hartum da Masar: an liƙa musu matatar ƙura ta Vokes a ƙasan hanci da ƙarin tankunan mai. Wanda ya ƙara waɗannan a samfurinsa ya maimaita aikin makanikan ne a ƙarami.

Yau lamarin ya sauya. Kamfanoni irin su Tamiya da Hasegawa na Japan da Eduard na ƙasar Cek suna fitar da kaya masu kyan gaske, Airfix da kansa ya fitar da Mk XII a ma'aunin 1/48, ga sassan da ake zubawa da ƙaro, ga faifan tagulla mai ɗauke da bel ɗin kujera, ga na'urar da ke buga sashe daga kwamfuta. Samfuran da ake jerawa a baje kolin ƙungiyar masu haɗa samfura ta IPMS a Telford kowane Nuwamba sun fi na zamanin balsa daidaito nesa ba kusa ba, kuma ina murna da hakan. Sai dai wanda ya sayi hancin Griffon a leda ya manna, babu abin da ya tilasta masa sanin dalilin tudun.

Ƙarfin da ake sawa a bincike a da, wasu sun mayar da shi kan kwalliya. Ana zurfafa layukan da ke tsakanin fallayen jikin jirgi, a cika su da baƙin fenti don su fito a hoto. Layi mai faɗin milimita 0.2 a ma'aunin 1/72 daidai yake da giɓin milimita 14 a jirgin gaske, wanda babu matuƙin da zai yarda ya hau. Ana kuma tula tsatsa da ɓarewar fenti a jiragen da wasunsu makonni kaɗan suka yi kafin a harbo su. Fenti ma rigima ce mai zaman kanta, tunda yawancin hotunan zamanin baƙi da fari ne, kuma wani irin fim na lokacin yakan nuna ruwan ɗorawa kamar baƙi, har zoben da ke kewaye da tambarin Birtaniya ya yi duhu. Masu bincike na gaske suna komawa takardun umarnin fenti na hukuma da gutsuren jiragen da aka haƙo, su gwada su da hoton kafin su tsoma buroshi.