Marubuci da Kuɗin Cefane

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a Maraɗi ko Damagaram a shekarun 1990 zai tuna da waɗansu ƙananan littattafai da fatake suke kawowa daga Kano. Takardarsu mai araha ce, ana ta karɓar aronsu daga gida zuwa gida har su yayyage. Iyaye suna fushi da su, malamai suna ƙwace su a aji, masana kuwa suka raɗa musu suna adabin kasuwar Kano. An sha gardama a kan tarbiyyar da ke cikinsu, ba kuwa ita ce ta kawo ni ba. Tambayata ita ce, waɗanda suka rubuta littattafan nan da me suke ci, me kuma neman abincin ya yi wa labaran da suka ba mu? Tambayar ta shafe mu, gama akwai samari da 'yan mata a cikinmu da suke so su mai da rubutu sana'a, ba su kuwa san abin da sana'ar za ta nema a hannunsu ba.

Marubutan albashi

Sai mu fara da na farko. A shekarar 1933 Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya shirya gasar rubuta labari da Hausa. Daga cikinta aka sami littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da East. A lokacin Imam malamin makaranta ne a Katsina, Tafawa Ɓalewa kuma malami ne a Bauci. Sa'ad da hukuma ta so littafin karatu domin makarantu, sai ta ɗauko Imam zuwa Zariya a 1936, ta ba shi wurin zama da littattafan da zai duba, ya rubuta Magana Jari Ce. A 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo.

Ka lura da kyau, ya mai karatu. Mutanen nan gwanaye ne, amma littafi bai taɓa zama tukunyarsu ba. Albashi ne yake ciyar da su, hukuma ce take biyan maɗaba'a, makarantu ne suke saye. Akwai edita da yake zaune a kan kowane shafi. Saboda haka Hausarsu ta fito a tsabtace, ginin labarinsu kuma a natse. Amma tsarin yana da nasa tsada. Ƙofar ƙanƙanuwa ce, hukuma ce kuma take riƙe da mabuɗin. Bayan da aka rufe hukumar NORLA a 1959, aka kafa kamfanin NNPC a 1966, sabon labari ya zama abin da ake jira shekara da shekaru. Sai a 1980 aka buga labarin wata mace, wato So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, shi ma ta hanyar gasa ya sami shiga.

Marubutan kasuwa

Abu biyu ne suka buɗe wata ƙofa. A 1976 Nijeriya ta fara ba da ilimin firamare kyauta ga kowane yaro, cikin shekara goma aka sami ɗimbin matasa masu iya karanta boko, ba su da abin karantawa da harshensu sai littattafan aji. A 1986 kuma gwamnati ta shiga shirin tsuke bakin aljihu, naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka koma ga littattafan makaranta masu tabbataccen ciniki. Ga masu karatu, ga masu labari, ba mai haɗa su. Sai marubutan suka ɗauki aikin da kansu.

Ga yadda sana'ar take. Mutum ya rubuta labarinsa da hannu a littafin makaranta, ya kai wa mai tafireta ko mai kwamfuta, ya biya. Ya je maɗaba'a, ya ba da kafin alƙalami, ya sayi takarda. In an gama ya ɗauki kayansa ya kai wa dillalan littattafai a kasuwa, su kuwa sau da yawa ba su biya sai sun sayar. Kuɗin da ya dawo da shi za a buga kashi na biyu. Wanda ba shi da jari yakan sayar wa dillali da labarin ɗungum, ya karɓi kuɗinsa sau ɗaya, ko da za a yi ta buga littafin shekara goma. Ashe mutum ɗaya shi ne marubuci, shi ne edita, shi ne mai talla, shi ne kuma mai bin bashi. Domin su rage wannan nauyi suka kafa ƙungiyoyi. Wadda ta fi suna ita ce Raina Kama a Kano, inda Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba da Balaraba Ramat Yakubu suke. Littafin ɗan ƙungiya yakan ɗauki jerin sunayen littattafan 'yan'uwansa, kowa yana yi wa kowa talla.

Ibrahim Malumfashi, wanda ya yayata sunan adabin kasuwa, ya kwatanta su da ƙananan littattafan Turanci na kasuwar Anaca, yana ganin ba za su daɗe ba. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya musu a jaridu. A ganina kowane gefe ya riƙe rabin gaskiya, hanyar ganewa kuwa ita ce a buɗe littattafan a duba.

Littafi biyu

In Da So Da Ƙauna na Gidan Dabino ya fito a farkon shekarun 1990, ya kuwa yi farin jini ƙwarai. Sumayya 'yar masu hali tana son Muhammad talaka, gidansu sun fi son Abdulƙadir mai kuɗi. Da aka matsa mata ta faɗa rijiya, ta tsira, a ƙarshe masoyan suka sami juna. Ƙarfin littafin yana cikin kunnen marubucinsa. Mutanensa suna magana yadda ake magana a zaure da bakin titi, ƙorafin da yake ɗauke da shi kuma na gaske ne: saurayi marar abin hannu yana kallo kuɗi suna raba shi da wadda take sonsa. Mai albashi da yake rubuta wa makaranta ba zai taɓa wannan gyambo haka ba. Sai wanda ya san cewa in bai faɗi abin da ke cin zuciyar masu saye ba, kayansa za su kwana a shago.

Amma kasuwar da ta ba shi kunne ita ce ta hana shi haƙuri. Muhammad ya cika kirki har ba ka ganin mutum a cikinsa, Abdulƙadir kuma an ɗora masa mugunta tun kafin ya buɗe baki. Mai karatu ba ya shan wahalar zaɓe, an riga an zaɓa masa. Rijiyar ma ta zo da sauƙi, kamar an ajiye ta domin a ɗaga hankali, shi ya sa masu suka suka sami abin kamawa, har suka zargi littafin da koya wa 'yan mata mugun abu. Da akwai edita mai ƙarfin faɗa a ji, da ya tambayi marubucin abin da Sumayya za ta yi in babu rijiya a unguwar, da kuwa labarin ya ƙara zurfi.

Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, ya fi shi nauyi a wurina. Rabi matar Alhaji Abdu ce, ɗan kasuwa mai rowa a gida mai kyauta a waje. Ya auro Delu, ya saki Rabi, ta fita da 'ya'ya tara. Ta kama sayar da abinci, ta riƙe yaran a makaranta, ta aurar da 'yarta Saudatu ga mutumin kirki. Abin da ya ɗaga littafin nan shi ne lissafi. Marubuciyar ta san abin da kuɗin cefane yake saye da abin da ba ya saye, ta san yadda mace take juya ɗan jari har ya ciyar da gida. Ita kanta an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana yarinya, sai daga baya ta koma ajin manya. In ka karanta wahalar Rabi a bakin murhu, kana karanta wahalar mai buga littafi da kuɗinta: a saya da safe, a dafa, a sayar, a cire uwar kuɗi, abin da ya saura shi ne na gida.

Duk da haka ƙarshen littafin yana ɗingishi. Gobara ta cinye shagon Alhaji Abdu, Delu ta juya masa baya, sa'an nan dangi suka taru suka matsa wa Rabi ta koma gidansa. Komawar ba ta dame ni ba, gama haka ake yi wa mata da yawa, marubuciyar kuma ba ta nuna mana ita kamar abin murna ba. Gobarar ce ta dame ni. Sunan littafin ya yi alkawari cewa alhaki zai bi mai shi, to, sai aka aiko wuta daga waje ta cika alkawarin da gaggawa. Da rowar mutumin da wulakancinsa ne suka cinye shi a hankali, da darasin ya fi kama jiki. Mai saye yana so ya ga sakayya kafin ya rufe shafin ƙarshe, mai sayarwa kuwa ta ba shi. Littafin ya tsaya duk da wannan, har Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012.

Akwai waɗansu tabo da za ka gani a yawancin littattafan kasuwar, dukansu kuwa daga aljihu suka fito. Ana yanka labari kashi biyu ko uku, a tsaya daidai inda hankali ya tashi, domin kashi na farko ne yake biyan na biyu. Ana cika shafi da wasiƙun masoya da kwatancin ɗaki da sutura domin labarin ya kai kashi na gaba. Ƙa'idar rubutu kuwa tana shan wuya, a haɗe kalmomin da ya kamata a raba, a bar ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, domin ba kuɗin biyan mai gyara. In wani labari ya karɓu, sai goma su fito da kamanninsa, an manta cewa kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa.

Abin da za mu ɗauka

Hukuncina shi ne, kalmar kasuwa ba zagi ba ce. Mutanen nan su ne na farko da suka gwada cewa ana iya rubuta labarin Hausa a sayar wa talaka da kuɗinsa, ba hukuma a tsakani, suka kuma shigo da mata cikin rubutu da yawan da ba a taɓa gani ba. Amma sun gwada mana wani abu kuma, wato littafi shi kaɗai da wuya ya riƙe gida. Da finafinan bidiyo suka bunƙasa a Kano, marubuta da yawa suka koma can, har littattafan nan biyu an mai da su fim. Daga baya karatu ya koma cikin wayar hannu. Yanzu marubuciya takan saki shafukan farko kyauta a WhatsApp, ta nemi a biya kafin a ga saura, wani kuma ya kwafe ya raba a banza. Kamfanin OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suke sayar da labaransu ta intanet, ya rufe a 2023. Kiɗa ya sauya, tsohuwar matsalar tana nan.

Mu da muke wannan gefen iyaka, kasuwarmu ta fi ta Kano ƙanƙanta, gama yawancinmu da Faransanci muka yi lakwal, masu karanta Hausar boko ba su kai masu jin ta ba. A 2025 Nijar ta ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, mai yiwuwa ne wannan ya kawo aikin fassara da na littattafan koyon karatu. Wanda yake so ya shiga sana'ar, ga shawarata. Kada ya sayar da labarinsa ɗungum, ya ba da izinin bugu na ƙayyadadden lokaci, a rubuce, da shaidu. Ya riƙe littafin lissafi kamar yadda Rabi za ta riƙe, ya san abin da ya kashe da wanda yake bi bashi. Kada ya zuba kayansa duka a shago ɗaya. Ya sami wata sana'a a gefe, ko koyarwa ko fassara ko aikin rediyo, domin yunwa kada ta zaɓa masa ƙarshen labarinsa. Sama da duka ya nemi mai gyara wanda ba ya jin kunyarsa, ya biya shi ko da kaɗan ne, gama abin da su Imam suka samu kyauta ke nan, su Gidan Dabino suka rasa.

Mu masu karatu kuma muna da namu rabo. Mun saba da karɓar littafi kyauta ko a rabin kuɗi, har muna ganin kamar takarda daga sama take faɗowa. In ɗan'uwa ya kwana yana rubutu, muka karɓi kwafi ɗaya muka kai wa mai hoto ya buga mana ashirin, to, kada mu yi gunaguni ran da ya ajiye alƙalami ya koma sayar da goro, ko ya rubuta abin da zai sayu maimakon abin da zai amfane mu. In muna son littafin kirki da harshenmu, sai mu sa hannu a aljihu mu saya.