Attajiri da Sarauta: Tsokaci a Kan Yadda Ake Ba da Tarihin Alhassan Ɗantata

Duk inda aka zo ba da tarihin Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a Kano a 1955, da wuya a wuce labarin raƙuma ashirin na tsabar azurfa da aka ce ya kai bankin Turawa da aka buɗe a Kano a 1929. Labarin yana da daɗin ji, amma ya mai da rayuwar mutumin tamkar tatsuniya, wato arzikin da ya faɗo daga sama.

Littafin Jan Hogendorn a kan asalin cinikin gyaɗa, wanda aka buga a 1978, ya yi maganin wannan rauni. Ya nuna cewa da jirgin ƙasa ya fara jigilar kaya daga Kano a 1912, auduga Turawa suka sa rai za a noma, sai fataken goro irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo suka karkata ga gyaɗa. Jarinsu da yaransu da dabarar ba da bashi a kan amana duk daga fataucin Gwanja suka zo da su. Ɗantata, Ba'agale ne shi, a wannan makaranta ya tashi.

Sai dai littafin na masanin tattalin arziki ne, farashi da sufuri su suka fi damun marubucin. Tambayar da mai nazarin al'ada zai yi daban take: mene ne matsayin attajiri a mulkin gari? A Kano ta zamanin En'e, komai dukiyar mutum, in ba shi da rawani, talaka ne a lissafin fada. A zango kuwa abin ya sha bamban. Abner Cohen ya nuna a 1969 cewa a Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, masu gidajen saukar fataken shanu da goro su ne ƙashin bayan sarautar Sarkin Sabo. Can dukiya kan zama tsanin mulki. A Kano kuwa sai ta bi ta ƙofar fada, ta durƙusa ta yi gaisuwa.

Mai rubuta tarihin Ɗantata da bai auna shi da takwarorinsa na zango ba, zai iya ƙidaya buhunan dalar gyaɗa daidai, amma ba zai bayyana yadda attajirin da ake ce wa ya fi kowa kuɗi a Afirka ta Yamma ya zauna da Sarki Abdullahi Bayero ba.