Canza Allo ko Neman Cuta: Ra'ayi kan Sana'ar Gyaran Kayan Lantarki a Gadarif

A shekarun baya-bayan nan wata ɗabi'a ta yaɗu a tsakanin masu gyaran kayan lantarki, tun daga Kano har zuwa Gadarif ta gabashin Sudan, wadda ta cancanci a dube ta da idon basira: idan aka kawo talabijin ko inbata ko na'urar daidaita ƙarfin wuta da ta daina aiki, maimakon mai gyara ya bi diddigin inda cutar take, sai ya kwance allon lantarkin gaba ɗaya ya ɗaura sabo. Allon lantarki shi ne farantin nan, galibi kore, wanda aka shimfiɗa masa siraran hanyoyin tagulla da wuta ke bi, aka kuma kafa masa ƙananan sassa da dalma. Tun da alluna masu araha suka fara kwararowa daga Sin, canzawa ta fi bincike sauri, ta kuma fi shi kawo kuɗi a hannu, amma tana rage wa sana'ar abin da ya sa ta zama sana'a, wato iya gano musabbabi.

Gadarif wuri ne da illar wannan ɗabi'a ke fitowa fili. Gari ne na noman dawa da riɗi, inda aka fara noman damina da injuna tun shekarun 1940, kuma yana da Hausawa masu yawa, zuriyar mahajjata da waɗanda suka yi ƙaura zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya durƙusar da kasuwannin Khartum, waɗanda a da ta nan ne akasarin kayan gyara ke isa lardunan ƙasar, sannan faɗuwar Wad Madani a Disamban 2023 ta ƙara turo dubban 'yan gudun hijira zuwa garin. Wutar gwamnati ta ƙara zama abin da ba a dogara da shi, jama'a suka koma ga sola da batir da inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin wadda kayan gida ke amfani da ita. A irin wannan hali, mai gyaran da bai san komai ba sai ɗaura sabon allo ya zama ɗan jiran mota, aikinsa na tsaye har sai kaya sun iso.

Abin takaicin shi ne yawancin cututtukan da ke kashe waɗannan na'urori ƙanana ne, kuma sanannu ne. Kafasita, wato ɗan gwangwanin da ke tara wuta yana tace ta, yana ɗauke da wani ruwa a cikinsa wanda zafi ke busarwa, kuma ƙa'idar da masana'antu ke aiki da ita ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rabin tsawon rayuwarsa. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40 a inuwa, ba abin mamaki ba ne a buɗe talabijin a tarar da kan kafasita ya kumbura. Dalmar da ke riƙe da ƙafafun manyan sassa tana tsagewa saboda ɗumama da hucewa kullum, tsagewar da ba ta wuce kaurin gashi ba, har na'ura ta riƙa kamawa tana saki. Ƙurar rani kuwa, idan ta haɗu da laimar damina, sai ta zama hanyar da wuta ke ratsawa inda bai kamata ba. Tsofaffin masu gyaran rediyo suna da dabarar da har yau ba ta tsufa ba: idan fis ya ƙone, ba sa gaggawar sa sabo, sai su jona ƙwan fitila mai zare a gurbinsa, domin idan akwai gajeriyar hanya a cikin allon, ƙwan zai yi haske sosai ya tsaya a haka, ya shanye ƙarfin wutar kafin ta ƙona wani sashe.

Akwai darasi a wata sana'a mai nisa da Gadarif, wato gyaran tsofaffin injunan wasan finbol, waɗanda ake harba ƙwallon ƙarfe a kan karkataccen teburi a cikinsu. Kamfanin Bally na birnin Cikago a Amurka ya koma sarrafa injunansa da allon lantarki a wajajen 1977, kuma ya sanya wa allon wata 'yar fitila da ke ƙiftawa sau bakwai idan an kunna injin, kowace ƙiftawa tana shaida cewa wani sashe ya tsallake gwaji. Idan ta tsaya a shida, galibi allon lafiyarsa lau, fis ɗin da ke kawo wuta mai ƙarfin bolt 43 ne ya ƙone a wani wuri daban, don haka wanda ya sayi sabon allo zai ɗaura shi ya sake ganin ƙiftawa shida. Babbar cutar waɗannan alluna kuma batirin da aka kafa a jikinsu ne, wanda ke yoyo bayan shekaru yana cin tagulla, kuma masu gyara suna kashe kaifinsa da ruwan khal kafin su sake jona hanyoyin da suka tsinke. A can ma ana sayar da sababbin alluna, ana kuma wannan muhawara, sai dai su sha'awa ce ke sa su gyara, ba larura ba.

Gaskiya ne cewa ba kowane allo ke gyaruwa ba. Allon wayar hannu hawa-hawa ne, hanyoyinsa a binne suke a ciki, kuma ƙafafun wasu sassansa suna ƙarƙashinsu ne inda ƙarfen dalma ba ya kaiwa. Haka nan allon da ya ƙone ya zama gawayi, canza shi ne daidai, mai kaya ma ba zai biya ladan kwana biyu a kan abin da sabonsa bai kai kuɗin ba. Laifin yana ga canzawa ba tare da aune ba. Inbatar da taransistocinta suka fashe, sau da yawa fankar da ke sanyaya ta ce ta tsaya, ko kuma an ɗora mata firiji da famfon ruwa fiye da ƙarfinta, kuma sabon allo zai bi sahun tsohon muddin ba a taɓa wannan musabbabin ba. Nauyin yana wuyan iyayen gida a shaguna, domin yaron da ya shekara uku yana kwance kusoshi ba a taɓa damƙa masa mita an ce ya auna wutar da ke shiga allo da wadda ke fita ba, zai buɗe nasa shagon a haka, ya kuma ɗauki nasa yaran.