Mai Shela Ma Malamin Aikin Jarida Ne

Kwanakin baya, a wani zama da muka yi a Ƙauran Namoda, wani dattijo da ya daɗe yana aikin rediyo ya ce mini mai shela da sanƙira ba su da gurbi a ajin koyon aikin jarida. A wurinsa sana'arsu roƙo ce kawai, kuma yaron da iyayensa suka biya masa kuɗin karatun sadarwa ya zo ne ya koyi rubuta labari da riƙe makirfo. Girmansa ya hana ni yi masa musu a gaban jama'a, shi ya sa na kawo amsata nan.

Tarihin ba shi da tsawo. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939, Sashen Hausa na BBC ya soma a 1957, Rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962. Karatun jarida a jami'a kuwa an fara shi a Nsukka a 1961, da tsarin da aka aro daga Amurka. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura sai a 1983 aka kafa ta. To, kafin wannan duka, tun zamanin Namoda da Alibawan Zurmi, wa ke sanar da jama'a yaƙi, da ganin wata, da gayya, da ɓatan yaro ko dabba? Jirgin ƙasa ma da ya iso Ƙaura a 1929 ya tarar da mai shela yana bakin aikinsa.

Abin da nake so a duba shi ne yadda yake jera maganarsa. Da farko ba ya cewa komai, sai ya kaɗa kuge ko ganga, ya dakata har surutu ya lafa. Sai gaisuwa: jama'a, Sarki ya gaishe ku. Daga nan sai ya faɗi mai maganar tun kafin ya faɗi maganar, da irin harshenmu na nan: Sarki yac ce a hwaɗa muku. A jimla ɗaya ya sauke nauyi daga wuyansa, ya ɗora shi inda ya dace, mai sauraro kuma ya san ƙofar da zai buga in yana da ƙorafi. Wannan ne darasin da ake kwashe zango guda ana koya wa ɗalibai, cewa labari marar majiya jita-jita ne.

Sai saƙon kansa, wanda ba ya wuce abin da numfashi ɗaya zai ɗauka. Gobe da hantsi, kowane magidanci, ƙofar fada. An faɗi lokaci, an faɗi wanda ake nufi, an faɗi wuri. Sai ya maimaita, kuma a maimaicin ne gwanintar take. Karo na farko don a juyo ne, domin matar da ke daka da mahaucin da ke ciniki rabin maganar suka tsinta. Karo na biyu shi ne na ji. A karo na uku yakan sauya jeri, ya ƙare da lokaci ko ya ja sunan wurin, don abin da aka fi saurin mantawa ya zama shi ne ya rage a kunne. Ya san mai karanta jarida yana iya komawa layin baya, mai sauraro kuwa abin da ya wuce shi ya wuce. A ƙarshe sai ya ce wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba, ya kuma tuna musu cewa in kunne ya ji, jiki ya tsira. Da wannan ya mayar da kowane mai sauraro wakilinsa.

Sanƙiran ɗaurin aure ma haka. Wakilin ango ya nema a hankali, waliyyi ya bayar a hankali, shi ne zai ɗaga murya ya ce an nema, an bayar, sadaki kaza, lakadan ba ajalan ba. Rahoton kai tsaye ke nan, a gaban shaidun da za su gyara masa nan take in ya ƙara ko sisi. Ɗan jarida nawa ne ke aiki ƙarƙashin irin wannan tacewa?

Masu cewa mai shela bakin sarki ne kawai ba su kawo wani abin kirki ba. Gidan rediyon gwamnati bakin wa ne? Shi dai mai shela yana faɗin ubangidansa tun a jimlar farko. Masu cewa zamani ya wuce shi kuwa su tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin Zamfara, aka kuma rufe kasuwannin mako, har da ta Shinkafi. Facebook da WhatsApp sun yi shiru, abin da ya rage wa mutanen Zurmi da Shinkafi shi ne rediyo, da lasifikar masallaci, da bakin mutum. Ma'aikatan rigakafin shan inna sun daɗe da gane haka, shi ya sa suke tura masu shela gaba kafin su shiga gari.

Inda na dosa shi ne, ciwon labaran Hausa a yau fassara ce. A rubuta labari da Turanci, a miƙa wa yaro ya juya shi, sai ka ji jimla mai gaɓa biyar wadda mai maganar yake can ƙarshenta, tsoho a Moriki ya gama saurare bai san wa ya ce me ba. Ban ce a watsar da littattafan da suka zo daga waje ba, akwai amfani a cikinsu. Amma an rubuta su ne don ido da kuma kunnen Bature, mu kuwa muna da waɗanda suka shekara ɗaruruwa suna nazarin kunnen Bahaushe.

Don haka ina kira ga malaman sadarwa na wannan yanki da su gayyato mai shelar gari cikin aji, a ɗauki muryarsa, a rubuta jimlolinsa a allo a feɗe su. Kowane ɗalibi kuma, kafin a ba shi makirfo, a kai shi bakin kasuwa ya isar da saƙo guda da baki, sannan a tambayi mutum uku abin da suka ji. In amsarsu ta zo ɗaya, ya ci jarrabawa.