Kauce wa Ƙa'ida da Ɗaukar Zunubi a Falsafar Hindu

A filin Kurukshetra rundunoni biyu sun ja daga, sai Arjuna, gwanin harbi, ya ajiye bakansa ya ce shi kam ba zai yi yaƙi ba. Waɗanda zai harba danginsa ne, har da kakansa Bhishma da malaminsa Drona, kuma a ganinsa zubar da jinin dangi zunubi ne. Krishna, wanda ke riƙe da linzamin dawakinsa, ya juya masa maganar: kai jinin mayaƙa ne, yaƙin nan na gaskiya ne, in ka gudu daga gare shi a nan ne za ka kwashi zunubi. Wannan muhawara ce ta buɗe Bhagavad Gita, waƙa mai baiti 700 da ke cikin Mahabharata, doguwar waƙar labarin wannan yaƙi.

Abubuwa biyu ne a nan. Akwai adharma, wato kauce wa abin da ya wajaba a kan mutum gwargwadon asalinsa da shekarunsa da halin da yake ciki. Akwai kuma papa, dattin da kaucewar ke bari a kan mai ita, wanda a aƙidar karma yake binsa har rayuwarsa ta gaba. Musulmi da Kirista sun saba da zunubi a matsayin saɓa wa Ubangiji, wanda in ya so ya yafe. Akwai mai kama da haka a Rigveda, inda mawaƙi ke roƙon abin bauta Varuna ya kwance masa igiyar laifi. Amma a hannun malaman da suka zo daga baya lamarin ya koma lissafi mai tafiya da kansa. Mazhabar Vaisheshika ta sanya dharma, wato bin abin da ya wajaba, da adharma cikin siffofi 24 da ta ƙidaya, ta ce suna manne da rai, ba a ganinsu, sai lokacinsu ya yi su haifi daɗi ko wuya.

Tunda wajibi yana sauyawa da hali, aiki ɗaya kan zama lada a wuri ya zama zunubi a wani. Mahabharata ta ba da labarin Kaushika, wani mai zuhudu da ya yi alwashin ba zai taɓa yin ƙarya ba. Mutane suka gudo daga 'yan fashi suka ɓuya kusa da shi, 'yan fashin suka tambaye shi, ya faɗa musu gaskiya, aka kashe mutanen. Wuta ya shiga. Shi kuwa Yudhishthira, yayan Arjuna, da aka sani da gaskiya, a yaƙin Kurukshetra ya shaida wa Drona cewa Ashwatthama ya mutu, yana nufin wata giwa mai wannan suna, Drona kuwa ya ɗauka ɗansa ne, ya zubar da makami aka kashe shi. Yaƙin na gaskiya ne, an kuma ci nasara, amma duk da haka sai da aka leƙa da Yudhishthira wuta. A ganina nan ne wannan tunani ya fi zurfi, domin ya yarda cewa mutum na iya yin abin da ya zama dole kuma ya fita da datti a hannunsa.

Rauninsa ma daga nan ya taso. Littafin dokoki na Manusmriti, mai babi 12, ya lissafa manyan zunubai biyar: kashe Brahmin (ɗan ajin malaman addini), shan giya, sata, kwana da matar malami, da zama da masu aikata waɗannan. Da ya zo kaffarar kisan kai sai ya auna ta da asalin wanda aka kashe. Ta mayaƙi kashi ɗaya cikin huɗu ce ta Brahmin, ta ɗan kasuwa ɗaya cikin takwas, ta Shudra, wato ɗan ajin masu hidima, ɗaya cikin 16. Har ya ce wanda ya kashe kyanwa ko kare ko hankaka ya yi irin kaffarar kisan Shudra. Masu kare littafin kan nuna cewa a batun sata ma'aunin ya juya, laifin Shudra ninki takwas, na Brahmin ninki 64 ko fiye, saboda ya fi sani. Gaskiya ne. Sai dai ƙara wa mai ilimi nauyi ba ya wanke rage wa talaka darajar rai.

Hanyoyin wanke papa suna da yawa. Akwai azumin chandrayana, inda ake rage loma ɗaya kullum yayin da wata ke raguwa, akwai sadaka, akwai wanka a kogin Ganga, abin da ke tara miliyoyi a Prayagraj lokacin bikin Kumbh Mela. Masu tafarkin bhakti, wato ƙaunar abin bauta, kuwa sun ce miƙa wuya ga abin bauta ya isa, kuma wannan ƙofa ce ta fi karɓar na ƙasa.

Wasu ba su tsaya neman ƙofa ba. Ranar 25 ga Disamba, 1927, B. R. Ambedkar da mabiyansa suka ƙona Manusmriti a bainar jama'a a garin Mahad. Shi ne daga baya ya jagoranci kwamitin rubuta tsarin mulkin Indiya, wanda ya fara aiki a 1950, kuma sashe na 17 ya haramta ɗaukar wani ɗan Adam a matsayin wanda ba a taɓawa.